Ranar da Na Ɗaura Zane

Wurno, daren Alhamis, watan Rajab

Har yanzu zuciyata tafasa takai. Yau ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta makarantar Midil ta Sakkwato ta zo garinmu, munka yi wasan yaƙi da jahilci gaban hakimi da Baturen makaranta. Babu mace makarantarmu, kowa kuma ya ƙi fitowa a matar gida. Malam Bello da bakinai yac ce mani, "Kai za ka yi, Umaru. In magana ta taso, ni ka tsaya maka." Na ɗaura zane da kallabi, jama'a sunka yi ta dariya, Bature har da tafi.

Bayan la'asar Baba ya tare Malam bakin fili. "Karatu na ba ku ɗana, ko daudu?" Mi Malam zai ce? Wai, "Wallahi Baba, yaron ne ya nace, na hana shi ya ƙiya." Ga ni tsaye, ko kallona bai yi ba! Mutumin da kullum shina ce muna gaskiya dokin ƙarfe.

Baba ya rantse ba ni komawa Sakkwato, ga shi saura kaɗan in gama. Kawu ya ce zai ba shi haƙuri gobe bayan Juma'a. Ban sani ba ko zai ji.

Na ƙi cin tuwo. Inna ta shigo ta aje mani fura, tac ce a hankali, "Ta katanga na leƙa. Duk cikinsu kai kaɗai muryarka ba ta yi rawa ba."

Sai sannan kuka ya zo mani.