Ruwan Kawu Idi

Garhanga, daren Laraba, bazarar 1985

Ƙafafuna sun kumbura. Tun hantsi muke hawa tsauni muna gangara kwazazzabo, ni da sandar awo, shef, shugaban ayarinmu, shina leƙen na'urarsa shina zana taswira.

Da azahar ruwanmu ya ƙare. Ni da bakina na ce na san wani wuri. Na kai su ramin dutsen nan da ba ya ƙafewa, inda Kawu Idi ke shayar da shanunsa a ɓoye tun ina ƙarami. Munka sha. Shef ya ɗiga shuɗiyar tawada a taswira, alamar ruwa, wai duk makiyayan Keita za su amfana. Ruwan da ba ya isar garke biyu!

Da la'asar na biya gaida Kawu. Ya ce, "Ɗan nan, na ga sawun takalma bakin ruwana. Ba ku ba ne, ko?"

Na ce ba mu ba ne. Ya miƙo mini ƙwaryar nono.

In bar aikin in ci mi? Bara ko dami ɗaya ban ɗaure ba.

Gobe shef shina son in rubuta sunan wurin. Suna ɗaya gare shi, na Kawu ne.