Muryar Jitar Dogara

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

"Mama, ko waya ɗaya ba zan canza ba. Ƙura kawai zan goge, in sa sabbin tsirkiyoyi." Haka Femi ya faɗa mini a shagonsa na gyaran kayan kiɗa a Sabon Gari, hannunsa a ƙirji. Na rubuta a nan don kada ya ce ban ji da kyau ba.

Yau ya kawo jitar marigayi mijina Dogara har Samaru, ya haɗa ta da amfilifaya a falo, ya kaɗa. Ba ita ba ce. Jitar Dogara siririyar murya gare ta, kamar mai magana ya toshe hanci. Wannan kuwa ƙatuwar murya, cike da ƙiba, irin ta kowace jita a kowane coci. Na tambaye shi me ya yi mata. Wai ya buɗe ya tarar an haɗa wayoyin ba daidai ba, shi ne ya gyara mini kyauta. Har yana jiran godiya.

Ran 24 ga wata za a ɗaura auren Rifkatu. Sati, abokin kiɗan babanta, zai kaɗa wannan jitar a wurin liyafa. Na yi niyyar a ji Dogara a bikin 'yarsa ko da ta wannan hanyar ce. Yanzu wa za a ji?

Laraba, 7 ga Mayu

Femi bai ɗauki wayata ba. Shekarata ashirin da wani abu ina aiki a laburare, ba zan zauna jiran yaron da ba ya cika magana ya yi mini bayani ba. Na ɗauko littattafai biyu kan lantarki da sauti.

Ashe ƙananan akwatunan ƙarfe biyun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, waɗanda makaɗa ke ce wa fikof, maganaɗisu ne aka naɗe da waya siririya kamar gashi. Tsirkiya ta girgiza a kansu, sai wuta kaɗan ta taso ta tafi amfilifaya. Shi ke nan. Na zauna da jitar nan a gida ɗaya tun kafin a haifi Rifkatu, ban taɓa tambaya ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gane, ina jin. Idan fikof biyun suna tura wutar gefe ɗaya a lokaci ɗaya, sauti ya haɗu ya yi kauri. Idan aka juya wayoyin ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, sai abin da suka ji iri ɗaya ya kashe juna. To me ya sa ba a yin shiru gaba ɗaya? Don ba wuri ɗaya suke zaune ba, ɗaya kusa da wuyan jita, ɗaya can ƙasa. Ɗan abin da suka bambanta a kai, shi ke ragewa ya fito.

Na gwada da kaina. Na tura makunnin zaɓen fikof sama, fikof ɗaya kawai: yadda na san shi. Ƙasa: haka nan. A tsakiya ne kaɗai, inda biyun ke aiki tare, muryar ta canza. Dogara kuwa kullum a tsakiya yake barinsa, har salatif ya manna masa. Femi ya ɓare salatif ɗin ma.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je Muchia wurin Sati. Ya tsufa, ƙafa na damunsa, bakin dai na nan. Da na gaya masa sai ya yi ta dariya har da tari. Ya ce ai kuskure ne tun asali. Suna wasa a wani otal a Sabon Gari waya ta tsinke, Dogara ya sa ƙusa a murhun mai shayi ta yi ja, ya liƙe wayoyin da dalma a gaggauce, ya juya su. Da suka koma, jita ta fito kamar goge mai mura. Kowa ya ce ya gyara, ya ƙi, don a da ganguna na haɗiye shi, yanzu kuwa har bakin titi ana jinsa.

"Amaryarmu," in ji Sati, har yau haka yake kirana, "ke ma ai daga titin kika jiyo kika leƙo."

Na ce masa ruwa na shiga fakewa. Dariya ya ƙara.

Lahadi, 11 ga Mayu

Rifkatu ta zo bayan sujada, ta ji jitar, ta ce ta fi daɗi haka. Tana aji uku na firamare ya rasu, me ta riƙe? Na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da ba ta da datti.

Talata, 13 ga Mayu

Na tare Femi a shago. Ya fara da "Mama, yi haƙuri", na ce ya ajiye haƙurin ya ɗauko takarda. Na zana masa wayoyin. Ya ce in an mayar yadda take, jikin fikof ɗin zai riƙa ƙugi in an taɓa. Gaskiyarsa, tana yi, Dogara kan ce gaisuwa take. Littafin ya ce ana iya raba wayar murfin fikof ɗin daban. Femi ya duba zanen ya daɗe, ya ce ana iyawa. Ya kuma ce akwai ɗan makunni da ake sawa, a ja a samu tsohuwar murya, a tura a samu sabuwa. Na ce ban tambaye shi ba.

Ya yi alkawarin zuwa Juma'a. Da hannu a ƙirji kuma.

Laraba, 14 ga Mayu

Na biya kasuwa na sayi ƙarfen liƙa waya da dalma. Na gwada a tsohuwar rediyo, na ƙona yatsa, karo na uku ya kama.

Da yamma na ɗan taɓa jitar, don gwaji kawai. Sabuwar muryar ba muni gare ta ba, a waƙa mai sanyi. Rifkatu ce za ta yi rawar, ba ni ba.

Femi na da zuwa Juma'a da azahar. In bai zo ba, zan kwance murfin jitar da kaina a kan teburin cin abinci, na san jar waya na san fara. Na aika masa ya taho da ɗan makunnin nan, in ga yadda yake. In kuma bai zo ba, na ga inda ake sayarwa.