Yayar Ango Ce Ta Ɓamɓare Farcen Amarya, Aka Ce Ni Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, su ma sunayen da ke ciki na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba mai yawan magana ba ce, a group ɗin nan ma karatu kawai nake yi in wuce, amma abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni ɗaliba ce a jami'a, gidanmu yana Jakara. Lokacin da malamai suka tafi yajin aiki zaman gida ya ishe ni, aminiyata Zulai ta kai ni shagon gyaran farce na Anti Bilki a wajen Ƙofar Na'isa don in koyi sana'a. Ni da Zulai tun muna 'yan islamiyya muke tare, lungunmu ɗaya, Ummana da Mamanta ba sa yin sha'ani ɗaya ba ta sani ba. Ita kuma Anti Bilki yayar saurayin Zulai ce, wanda za a ɗaura musu aure ƙarshen satin nan, ita ce babba a gidansu, kusan ita ta raine shi.

A shagon abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne cire farcen akirilik, wato farcen kanti da ake manna wa mace a kan nata, don sauran 'yan koyo ba sa son aikin, wai ba ya fitowa a hoto. Kun san yawancin matanmu lokacin fashin salla suke sa farcen nan, da zarar sun samu tsarki sai su zo a guje a cire, don ruwan wanka da na alwala ya taɓa farcensu. Kowa da gaggawarta take zuwa, shi kuma aikin ba ya son gaggawa. Yadda na koya, kuma na ƙara karantawa, sai an rage tsawon, a goge ƙyallin saman da fayil, wato magogin farce, a shafa basilin a fatar gefe, a jiƙa auduga da asiton, ruwan da ke narkar da shi, a ɗora, a naɗe da foyil, takardar nan mai ƙyalli ta gashi, a jira ya yi laushi. Sannan a tura shi a hankali da ɗan tsinken katako, wanda ya ƙi tafiya a sake naɗe shi, ba a ɓamɓara, domin idan aka ɓamɓare yana tahowa ne da saman farcen mutum na asali. A ƙarshe a shafa mai. 'Yan shagon suna tsokanata da Malama Kunkuru, amma mata sun fara zuwa suna cewa wannan mai shiru-shirun suke so ta cire musu, har a unguwa an fara kirana gida. Ban taɓa yin wani abu da mutane suka san ni da shi ba sai wannan.

Satin da ya wuce Anti ta sa wa Zulai akirilik dogaye, kyauta, saboda hotunan kafin biki. Ranar Talata Zulai ta samu tsarki, ta shigo shago bayan azahar tana sauri, ga mai lalle an ce za ta zo gida da yamma. Anti ta fita kasuwa, ni na zaunar da ita na fara, na goge na naɗe mata yatsun duka, muna hira tana min dariya wai ko a ranar aurenta sai na yi mata lacca. Ba a jima ba Anti ta dawo, ta ga foyil a hannun amarya, ta ce wannan ɓata lokaci ne, amarya guda za a zaunar kamar kifi a gashi. Ta ture kujerata ta zauna, ta warware foyil ɗin, ta ɗauki farcen roba ta soka a ƙarƙashin akirilik ɗin ta fara ɗagawa. Na ce mata a hankali, Anti bai jiƙu ba tukuna. Ta ce tun ina firamare take wannan aikin, in je in kawo mata auduga. Na tsaya ina kallo, ina jin ƙarar kowanne yana ɓallewa. Na ga farin ɓawon farcen Zulai manne a jikin waɗanda aka yar a tire. Zulai tana cije leɓe, da farcen yatsan tsakiya ya yi jini sai ta janye hannunta ta ce ya isa, ta ja mayafi ta fita, saura biyu a hannun hagu ba a cire ba.

Bayan magariba Umma ta dawo daga gidansu Zulai, inda mata suke ta aikin cincin da dubulan. Ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta tambaye ni me Zulai ta yi min. Ashe mai lalle da ta ga faratan sun yi ja sun yi siriri, ɗaya da ciwo, ta ce ba za ta ɗora lalle a kansu ba. Mama, mahaifiyar Zulai, ta tada hankali, ana cikin haka Anti ta kira a waya tana ba da haƙuri, ta ce ta fita kasuwa ta bar yarinya mai koyo, kafin ta dawo an yi ɓarna. Mama ta juya ta tambayi Zulai a gaban mata ko haka ne, Zulai ta sunkuyar da kai ta gyaɗa. Umma ta ce Mama ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ai da an san koyo za a yi da hannun amarya da an kai min 'yar tsana. Mata suka yi dariya. Ummana, da girmanta, ta ba da haƙuri a madadina a tsakar gidan nan.

Na faɗa wa Umma yadda aka yi. Ta ce ta yarda da ni, don ta san ko zare ban iya tsinkawa da ƙarfi ba, amma in yi shiru har a gama biki, zumuncin shekara da shekaru ba za a zubar da shi kan farce ba, farce yana tofowa.

Washegari na je shago na yi wa Anti magana. Ba ta musa ba, ko kunya ba ta ji ba. Ta ce mai koyo ba ya laifi, ni idan aka ce na yi kuskure kowa zai ce yarinta ce, amma idan aka ce ita ce ta lalata hannun amaryar ƙaninta, shagon ya mutu, ni ma ina zan koya? Ta ce in je in durƙusa wa Mama a wuce wurin, bayan biki za ta koya min zanen farcen da take ɓoye wa sauran. Da yamma na ga ta sa a status cewa saboda abin da ya faru, daga yau ita da kanta za ta riƙa cire wa kwastoma farce. Wata mata da muka yi da ita zan je gidanta in cire mata ta turo min saƙo cewa ta fasa, in bari sai hannuna ya nuna.

Na Anti bai yi min ciwo kamar na Zulai ba. Na kira Zulai, tana ɗauka ta fara kuka. Ta ce, “Ki rufa min asiri, ke gidanku za ki koma, ni gidansu zan shiga. Idan na buɗe baki na ce yayarsa ce, da wane ido zan zauna da su?” Na ce ni kuma da wane ido zan bi lungunmu? Ta ce ai ni mai haƙuri ce, ta san ba zan yi magana ba. Wannan kalmar ce ta hana ni cin abinci. Wato ba ruɗewa ta yi ba, ta duba ne ta ga wace ce ba za ta iya buɗe baki ba, ta ga ni ce. Ita ce ta fi kowa sanin yadda muryata take rawa idan mutane suka zuba min ido, tun muna yara ita take amsa min tambaya a aji.

Ina ganin uzurinta, wallahi ina gani. Na san yadda dangin miji suke idan suka sa mace a gaba tun kafin ta tare, kuma ba na fatan in zama silar hakan. Amma da ta ja ni gefe ta roƙe ni tun farko, wataƙila da na ɗauka da kaina. Ba ta tambaye ni ba, gyaɗa kai kawai ta yi.

To yau da safe Zulai ta turo min voice note. Guda biyun nan da suka rage har yanzu suna hannunta, Anti ta ce ta zo ta ƙarasa mata, ita kuma ta ƙi zuwa. Ta ce hankalinta bai kwanta da wankanta da sallolinta ba tunda ruwa ba ya taɓa waɗannan faratan, ga kamu gobe. Ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa mata hannu ba sai ni. In zo da kayana bayan la'asar, lokacin da mata za su tafi kai kaya gidan amarya, in shigo ta ƙofar baya, kar Mama ta gan ni.

Na san abin da zan yi mata. Zan jiƙa biyun nan kaɗai, in kare waɗanda aka ɓamɓare kada asiton ya taɓa su, in shafa wa sauran man zaitun, in duba na tsakiyan idan ya kumbura in ce ta je a duba mata. Idan ban je ba, ko dai ta koma wajen Anti a ƙarasa ɓarnar, ko ta sa haƙori ta cire da kanta, na san halinta. Kuma maganar salla ce, ba na so a ce saboda fushina mutum ya kwana da shakka a ibadarsa.

Amma ta ƙofar baya? Hannun da aka yi wa dariya a tsakar gida, shi ne za a shigo da shi a ɓoye ya gyara, gobe a ga farce ya yi kyau a ce Anti ce ta ceto amarya?

'Yan uwa me zan yi? In je yadda ta ce in yi shiru kamar yadda Umma take so, in bar sunana ya tafi a haka? Ko in ce mata zan zo, amma ta zaure zan shigo da sallama, in zauna a gaban Mama in cire, ko ban ce komai ba ta ga yadda hannuna yake aiki? Ko in ƙi zuwa gaba ɗaya? Masu aure a cikinku ku faɗa min gaskiya, idan magana ta fito, zaman Zulai zai lalace da gaske, ko tsoro ne kawai? Ban ba ta amsa ba har yanzu, amma na riga na yanka foyil na sa a jaka, ga shi an kusa kiran la'asar.