Wutar Kifaye da Irin Geron Zakka

Zuwa ga ɗana Hashimu, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Safana sai godiya. Ƙafata ta yi sauƙi, uwarka ce dai tarin bai sake ta ba. Ƙanwarka Turai ke rubuta mini, na kuma ja mata kunne kada ta rage ko kalma ɗaya, don na san halinku.

Damina uku ke nan ina tambaya, ba wanda ya ba ni amsa. Akwatin kallon da ka aiko da sola don yara su zauna gida, ni ma ya zaunar da ni, tunda ɗaki ɗaya muke cushe. Kullum wasan kifayen nan da suke kira katun. Garinsu a ƙarƙashin teku yake, na yarda. To, sai kifi ya tara kara, ya hura wuta, ya ɗora tukunya, har hayaƙi na tashi! Ni da na shekara saba'in ina fama da jiƙaƙƙen icce cikin marka za a nuna wa haka? Wani kuma ya saɓa guga ya nufi rijiya. Rijiyar me, ruwa na bisa kansa? Har shanya suke yi a igiya. Turai ta ce wasa ne kawai. Malam Mamman maƙwabcinmu ya yi dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni. Ban yi boko ba, amma na san ruwa da wuta ba su kwana ɗaki ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma akwai wata tsohuwar ƙaguwa cikinsu mai gona, ta shuka da safe, ta girbe kafin azahar, ba huɗa, ba noma, ba jiran girgije. Shekaranjiya na sauko da goran irin geronmu, wanda na fito da shi daga ƙauyenmu Zakka a hammata ranar da muka gudu. Ina juya baya, Godiya 'yar marigayi Yusha'u ta ɗibi cikin hannu ta zuba a randa, ta tsuguna tana jiran ya fito. Da na tambaye ta, ta ce ai haka ake noma. Shekararta shida, jikar manomi, ba ta taɓa ganin zangarniya a kan kara ba. Ban dake ta ba. Fita na yi na zauna bakin ƙofa.

Hashimu, ranar da muka binne ɗan'uwanka Yusha'u, bayan mutanen daji sun tare shi a hanyar gona, ka sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zan taka Zakka ba sai da yardarka. Na dafa, ban kuma karya ba. Amma irin nan na ubana ne, shi ma a hannun ubansa ya gada. Na gwada ƙwaya goma a fasasshen kasko, huɗu suka tsiro. Baɗi ko ɗaya ba za a gani ba. Wasu 'yan ƙauyen Babban Duhu sun fara zuwa gonakinsu da safe su yi binnen iri, su dawo kafin la'asar. Ban ce babu haɗari ba, ni na wanke Yusha'u da hannuna. Amma ko kaza ana buɗe mata akurki. Duk lokacin da na aika maka da maganar, sai dai ka aiko da sabon katin wasan kifaye a sa wa akwatin kallo.

Ka gaida iyalinka, Surayya da Nurain da Kamilu. Uwarka na gaishe ka, ta ce kada ka biye mini. Na bar Turai ta rubuta wannan ma, don ba ni da abin ɓoyewa.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Kafin ruwan shuka ya sauka, ka amsa mini: ka sake ni, ko ba ka sake ni ba? In kuwa kana ganin manomi zai iya rayuwa a ɗaki, to fara faɗa mini yadda kifi ke hura wuta cikin ruwa.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanjummai na Zakka.