Iskar Ɗakin Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ki za ki ji yadda muryata take. Inna tana asibiti tun shekaranjiya. Kada hankalinki ya tashi, ta farfaɗo, tana sallah a zaune, har ta yi wa nas faɗa a kan shimfiɗar gado. Uwar yara ce ta same ta a ƙasa bayan la'asar, tsakanin gado da ƙofa.

Kin san wata biyu ke nan tana fama da ciwon kai da jiri. Abin da ban gaya miki ba shi ne maganar da take ta nanatawa, wai iskar ɗakin nan ce ke damunta. Duk ranar da ta faɗa sai in zaunar da ita in yi mata bayani, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku a darasin kimiyya, cewa babu wasu iskoki a gidana, hawan jini ne da shekaru. Likita ta ce tana son ganina gobe ni kaɗai. Zan sanar da ke.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Na ga kiranki har sau biyar. Ki yi haƙuri, kunya ce ta hana ni ɗauka.

Likitar da ke duba Inna ɗalibata ce, shekara tara da suka wuce tana zama a layin gaba. Ta ba ni kujera, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta tambaye ni inda muke ajiye janareto. Kafin ta rufe baki na gane.

Kin tuna maƙwabta sun yi ƙorafin ƙara? Sai na gina masa ɗan akurki na bulo, na rufe da kwano, na jingina shi da bangon baya. Bangon ɗakin Inna ne. Bakin salansar, inda hayaƙi ke fita, yana ƙarƙashin tagarta, bai fi kamu uku ba. Kullum in an ɗauke wuta da rana ni nake tayar da shi da hannuna, don fanka ta juya mata ta samu barcin azahar. Ita kuma tana rufe ƙofa saboda hayaniyar yara.

A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba, ba launi, ba wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Shekara sha shida ina koyar da wannan babi, har tambaya nake sawa a jarrabawa. Likitar ba ta tuna mini ba, kuma da ta tuna mini da ya fi mini sauƙi.

Akwai sauran magana. Mai ɗinkin da shagonta ke kallon gidanmu ta taɓa kawo garwashi da turare, ta ce a rufe taga a turara ɗakin, mutanen ɓoye ne suka tare. Na watsar da su a kwata, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba, don da an yi da abin ya fi haka muni. Amma limamin unguwa ma ya zo, Inna ce ta aika masa. Ya zauna da ita kamar rabin awa, ya yi addu'a, da zai fita ya ja ni gefe ya ce in sauya mata ɗaki yau yau. Na haɗa shi da mai ɗinki na yi musu kuɗin goro. Na ce masa ban zaci mai ilimi irinsa zai biye wa camfi ba.

Da na koma ciki na ce wa Inna jingina ciwo ga iskoki hanyar shirka ce. Yaya, matar da ta koya mini Fatiha na gaya wa haka. Ta juya fuska bango. Daga ranar ta daina faɗi, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Jiya na rushe akurkin. Ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki, na cancanta.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na samu amsarki, na karanta sau biyu. Ba ki yi ƙari ko kalma ɗaya ba. Ina fatan yara sun gama jarrabawa lafiya.

Na je wurin liman na ba shi haƙuri. Na tambaye shi me ya gani a ɗakin. Ya ce bai ga komai ba, kansa ne kawai ya sara kafin ya shafa addu'a, da ya fito waje kuma ya washe. Ya ce bai san sunan abin ba, amma in wuri yana cutar da mutum ai matsawa ake yi tukuna, a nemi suna daga baya. Ya tambayi jikin Inna, bai ƙara tayar da maganar ba.

An sallame ta da safe. Likita ta ce mantuwar da take yi za ta iya ɗaukar watanni, wataƙila kuma wani abu ba zai dawo ba. Jiya ta kira ƙaramar jikarta da sunanki.

Muna jiran takardar sallama na durƙusa a gefen gadon na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun kafin in tambaya. Sai rashin kunyata ya sa na tambaye ta wace iska take nufi tun farko, ta shaƙa ko ta aljanu. Ta dube ni ta ce, “Ni ina na sani? Kai ne mai karatu. Na gaya maka abin da ke damuna, ka tsaya kana gyara mini magana.”

Na share mata ɗakin gaba mai taga biyu, na sa sabon labule. Ta leƙa, ta ce ya yi kyau, sannan ta ce a kira ki, wajenki take son zama. Uwar yara ta roƙe ta har da kuka, yara ma sun riƙe mata zane. Ni kuwa na haɗa mata jakarta.

Ki zo ranar Asabar in ƙafarki ta bari, in kuma ba hali ni zan kawo ta. Magungunan suna cikin aljihun gefe na jakarta, fari da safe, ja bayan cin abinci. Ba ta son a tuna mata sau biyu. In ta ce miki wani abu yana damunta, ko da ba ki gane ba, ki tashi ki duba.

Ki gaida maigidan, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta