Jif Mai Ruwan Toka

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin Inna? Ta fara taka ƙafar kuwa, ko har yanzu sai an tallafe ta? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana mata addu'a. Ni lafiya lau, sai kewa. Wata biyu ke nan da kika tafi jinyarta, gidan ya yi min girma. Na ƙona ƙaramar tukunyarki, gara in faɗa miki tun kafin ki gani da idonki.

Na rubuto ne saboda wayar garinku sai an hau tudu ake jin mutum, maganar kuma ba ta tsaye ba ce. Kamfani sun biya ni kuɗin sallama. Shekara talatin da ɗaya ina jan motar wasu, ina buɗe musu ƙofa, ina goge musu gilashi, yau ga shi zan iya sayen tawa.

Kin san hanyar gidan Inna, da ruwa ya sauka ƙaramar mota ba ta shiga. Shi ya sa hankalina ya tafi kan jif. Na ga wata a wurin masu sayar da motoci, ruwan toka, irin sababbin nan masu haɗa fetur da lantarki. Tana da inji, tana da babban batir a ƙarƙashin kujerar baya. A cikin cunkoso batir ke jan ta, idan an miƙe hanya inji ya karɓa. Ko birki ka taka, caji take yi. Mai sayarwar wata mata ce mai gilashi, ba ta gajiya da bayani. Ta ce in tayar. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, ashe kashe ta na yi. Ta yi ta dariya, wai ai tun farko a kunne take. Ni da nake gane ciwon mota daga kukanta, yau mota ta mayar da ni ɗan koyo.

Abokina Bakanike bai so ba. Ya ce ranar da batir ɗin ya mutu sai dai mu mayar da ita akurkin kaji, domin babu wanda ya iya gyaranta a garejinsu. Wai akwai wasu wayoyi masu ruwan lemo a cikinta, idan ya taɓa sai dai a kai gawarsa gida. Na ce masa tsufa ne ke damunsa. Amma maganarsa ta tsaya min, na kwana biyu ina juya ta. Sai na tuna yadda ba ta shan mai, na tuna kujerarta daidai ƙugu take, Inna za ta zauna ba sai an ɗaga ta ba.

Akwai fara ma. Ki zaɓa mana, ki ba ƙaninki amsa idan zai taho. Ranar Laraba zan gwada ta a titi.

Mijinki,
Sannu-Sannu, kamar yadda direbobin kamfani suka laƙaba min


Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Inna. Takardarki ta iso. Na yi murna da jin Inna ta taka har bakin ƙofa, Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga kin zaɓi ruwan toka, kin ce fara sai wanki. Na jinkirta amsa ne domin ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Laraba mun fita, mai sayarwar tana gefena. Motar nan kamar a kan katifa mutum yake tafiya. Na riƙe sitiyari, ba mai ce min yi sauri daga baya, ba mai ce min tsaya nan. Har na fara tsara inda za ki ajiye jakarki.

A mahaɗar da ke bakin kasuwa na rage gudu kamar kullum. Na duba, hanya fes. Na saki birki. Sai matar ta kurma ihu ta fizgi sitiyari. Ashe wata baiwar Allah ce take tsallakowa daga hagu da kwando a hannu. Motar a kan batir take, ba ƙara, ita ba ta ji mu ba, ni ban gan ta ba. Madubi ya doki kwandon, tumatir ya watse a titi. Ba ta ji ciwo ba, Allah Ya tsare. Ta zage ni tas, na karɓa, domin ta fi ni gaskiya. Na durƙusa ina tsince mata.

Mai sayarwar ce ta tuƙo mu muka koma. Ta yi ta ba ni haƙuri, wai shirun motar ne, kowa sai ya saba. Na gyaɗa kai kawai. Amma Maman yara, da rana tsaka ne, matar kuma ja take sanye da shi. Ban gan ta ba sai da ta zo daidai gabana.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Tun bara abin ya fara. Madubin motar Manaja da na ce ɗan babur ne ya karya, ni na goga shi da ginshiƙin gareji. Kofin da nake yawan turewa a tebur kina cewa na fiye gaggawa, ba ganinsa nake yi ba. Ritayar ma da na ce ni na nema, Manaja ne ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce gara in tafi da mutuncina, bayan na kauce wa wani mai keke da ƙyar, shi Manajan yana zaune a baya. Na ɗauka gajiya ce, idan na huta za ta wuce. Ina jin motar nan ma na neme ta ne don in ƙaryata shi.

Ki yafe min. Shekara talatin da biyar ban taɓa ɓoye miki abu mai nauyin wannan ba. Litinin zan ga likitan ido. Kada ki faɗa wa yara tukuna.

Naki,
Sannu-Sannu


Zuwa ga Maman yara,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da Inna da mutanen gidan. Na gode da ba ki yi min faɗa a takarda ba, na san kin ajiye shi sai mun haɗu.

Na je asibitin. Sun sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura mai kama da ƙatuwar tasa, suka ba ni maɓalli, wai duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Na tsakiya na gan su. Sauran lokacin ina zaune ne ina jira, ma'aikaciyar tana rubutu ba ta ce komai ba. Daga shirun nan nata na fara ganewa.

Likita ya nuna min takarda mai da'ira biyu. Tsakiyarsu fari, gefe duk baƙi, na hagu ya fi baƙi. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe, ba ciwo ba ƙaiƙayi, shi ya sa ba a farga. Abin da ya tafi ya tafi. Zan riƙa ɗiga magani safe da yamma har ƙarshen rayuwa, wataƙila a yi aiki, duk don a riƙe ɗan abin da ya rage. Bai ma yi alkawarin zai riƙu ba.

Na tambaye shi tuƙi fa. Ya ajiye biro ya tambaye ni sana'ata. Na faɗa masa. Sannan ya ce ba zai sa hannu a takardar sabunta lasisi ba, kuma ko kafin wanda ke aljihuna ya ƙare, in ji tsoron Allah kada in sake zama bayan sitiyari. Lasisin wata mai zuwa zai ƙare.

A bas na dawo. Na zauna bayan direba, duk inda ya kamata ya taka birki sai in ji ƙafata tana danna ƙasa.

Da yamma Bakanike ya zo da murnarsa, wai ya samo wani da ya yi kwas a kan gyaran batir ɗin, ya janye adawarsa, in je in saya. Da na ba shi labari ya zauna a kan dakali ya cire hula. Can ya ce in saya mana, in ɗauki direba. Na ce masa ba zan iya ba. Na san abin da direba yake ji idan na baya yana numfashi a wuyansa, ni kuwa zan fi kowane mai gida fitina. Kuma kuɗin nan yanzu ido ne yake da su.

Ki yi min addu'a. Ni tawa ta ƙi haɗuwa a bakina kwanan nan.

Mijinki,
Sannu-Sannu


Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya saka wa ƙanwarki da ta yarda ta karɓe ki jinyar Inna. Ki ce wa Inna ta yafe min, na so in zo in ɗauke ta da kaina.

Maganarki ta cewa ke za ki koyi tuƙi ita ce ta fara ba ni dariya cikin sati biyu. Ke da kike rufe ido idan tirela ta wuce mu! Na san da zuciya ɗaya kika faɗa, na kuma gode. Amma wa zai zauna gefenki ya ce miki ga abu nan tafe? A bar maganar.

Jiya na koma wurin masu motoci na ce kada su ci gaba da ajiye min ita. Matar ta ce dama ta yi zaton haka, domin mahaifinta ma da irin wannan ciwon ido ya zauna. Ban tambaye ta yadda ya ƙare ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ina nan tsaye wani mutum da matarsa suka zo duba motar. Matar ta zauna gaba tana gyara kujera. Na ja mijin gefe na ce masa idan ya zo mahaɗa ya riƙa yin oda, domin ba a jin tahowarta. Ya yi godiya, ya ɗauka ma'aikacin wurin ne ni.

Na faɗa wa yara da kaina. Babbar ta yi kuka a waya, na ƙarshen ya ce akwai likitoci a wani wuri. Na bar shi ya faɗa.

Maganin yana da zafi, kuma rabinsa a kumatu yake ƙarewa, ina buƙatar hannunki. Jiya da safe na ga kamar hagun ya ƙara matsewa, ko kuwa tsoro ne, ban sani ba. Na zagaya gidan ina kallon komai a hankali, har fentin da ya ɓare a bayan ƙofa.

Kin ce Asabar za ki taho a motar safe. Zan zo tasha in tsaya a bakin ƙofar fita, ba zan motsa ba. Idan kin sauko kada ki ɗago min hannu daga gefe, za ki ɗauka share ki na yi. Ki zo daidai gabana ki tsaya. Kuma kada ki yi saurin ɗaukar kaya, ki bari in kalle ki tukuna.

Mijinki har kullum,
Sannu-Sannu