Lemun Baba ya yi fure

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Falmata da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Bolewa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ruwan burtsatsen unguwa ya ja baya, don haka mai unguwa ya ce kowane gida jarka huɗu a rana, kuma ban da ban ruwan shuka. Da na faɗa wa Inna, sai ta juya tana kallon lemun tsamin da marigayi Baba ya dasa.

Tun ranar ta koma yin alwala a gindinsa, duk da ciwon gwiwarta. Na ce ta huta, ta ce, "Hauwa, ban karya doka ba, kuma ba zai bushe ina kallo ba." Maƙwabciyarmu Ya Kolo ta fara kawo ruwan wankin shinkafarta. Har mai unguwar, in ya zo gaishe ta, nan yake alwala. Jiya lemun ya yi fure, Inna ta yi ta hawaye.

Ku taya mu addu'ar damina mai albarka. A gaida kowa. Inna ta ce lemun farko naka ne, ka zo ka tsinka da hannunka.

Ƙanwarka,
Hauwa